Gawon Baba da Takardun Ƙin Yaƙi

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Yau na fara darasin takardun ƙin yaƙi da 'yan ajin ƙarshe. Na raba musu fotokofin irin hotunan da masu adawa da yaƙi ke mannawa a bango a Turai lokacin yaƙin duniya na farko. Injin lise ɗinmu, wato sakandaren da nake koyarwa, tawadarsa ta kusa ƙarewa, tsohuwar da ke hoton farko ta fito kamar an watsa mata toka. Tana zaune rungume da takalman ɗanta, shi bai dawo ba. Na ce kada wanda ya ji tausayi, aikinmu mu gano yadda aka ɗana tarkon. Uwa mai kuka dabara ce, an sa ta ne don zuciya ta riga kai yanke hukunci. Na yi bayani mai kyau, ko da ni na faɗa. Aji ya yi tsit, daga baya na lura 'yan baya barci suke.

Laraba, 15 ga Janairu

Gajere ya zo daga Urafane, daidai lokacin da matata Zara'u ke sauke tukunya, kamar kullum. Maƙwabcin gidanmu ne a ƙauye, shi ke kawo mini labari tun da na daina magana da Cha'ibu. Ban ƙara rubuta masa "Yaya" ba, wana ne dai a haihuwa, shi ke nan.

Bari in rubuta maganar yadda take, don tarihi. Da Baba ya rasu aka raba gona, layin gamba na iyaka ya bi ta gindin gawon da ya bari tun yana ɗan tsiro. Kututture ya faɗa wajen Cha'ibu, rassa suka karkato wajena. Bana ina kiwon rago ɗaya a nan Tasawa, na aika a tsinto mini 'ya'yan gawon da suka zuba a gonata, Cha'ibu ya kori ɗan aiken. Mai gari ya ce kada ɗayanmu ya taɓa ko ƙwaya sai ya zauna a kan maganar.

Gajere ya ce Cha'ibu na faɗi a kasuwa wai "mai cin albashi ba shi san ƙaya ba, sai 'ya'ya." Ya cinye tuwon, ya nemi ƙari.

Juma'a, 17 ga Janairu

Ni ne ban san ƙaya ba? Wa ya cire masa ƙaya a tafin ƙafa shekarar da muka bi zomo?

Litinin, 20 ga Janairu

Hoto na biyu. Wani ƙaton attajiri mai tumbi zaune a kan tulin harsasai, yana zuƙar taba, a ƙasa an jera samari ramammu. Dabarar nan ta fi burge ni. Ba a ce yaƙi mugun abu ne ba, an dai nuna maka wanda ke ƙiba. Na rubuta a tablo da manyan baƙaƙe: A KOWANE FAƊA, NEMI WANDA KE ƘIBA. Na sa suka kwafe.

Najiba, yarinyar nan ta layin gaba mai tambayar tsiya, ta ɗaga hannu, ta kira ni yadda suke kiran malami da Faransanci. "Mushe, to takardun sun hana yaƙin?" Na ce wannan ba ya cikin darasin yau. Ba su hana ba, amma ba dole ne a faɗa wa yaro komai ba.

Alhamis, 23 ga Janairu

Na fara rubuta jawabin da zan yi gaban mai gari. In shekarun da na yi ina koyar da dabarun magana ba su ci mini itace ɗaya ba, ina amfaninsu? Zan buɗe da tambayar da ba ta neman amsa, in bi da hoton maraya (ni ke nan, ko da yake na ba arba'in baya), in rufe da maimaita "inuwar ubana" har sai wani ya share hawaye.

Na gwada a gaban Zara'u. Ta saurara tana tsinar zogale, ta ce, "Malam, kai da ke koya wa ɗiyan mutane ƙin yaƙi?" Na ce ni dabarun nake koyarwa, abin da mutum zai yi da su ruwansa. Ta ce to, in matsa mata daga haske.

Asabar, 25 ga Janairu

Gajere kuma. Wai Cha'ibu ya ce ko ganye ba zan gani ba. Na ce ya gaya masa ko inuwa ba zai sha ba. Zara'u ta ce kumatun Gajere sun ciko bana. Mata da lura da abin da ba shi da amfani.

Talata, 28 ga Janairu

Takarda ta uku rubutu ce zalla. Tana ce wa soja: wanda ke cikin ramin can da kake harbi manomi ne irinka, shi ma ya bar gona ba huɗa, shi ma uwa ta haife shi. Na nuna musu yadda marubucin ya ɗauke "su" ya mayar "mu", cikin layi kaɗan abokin gaba ya koma ɗan'uwa. Gwaninta ce. Ban san abin da ya sa na ƙosa a buga ƙararrawa ba.

Alhamis, 30 ga Janairu

Inna Hajjo ta aiko da saƙon murya ta wayar maƙwabta. Na saurare shi ya fi a ƙirga, don nazari kawai.

"Sabiru, ni ce uwarka, in ba ka manta ba. An ce za ku tahi gaban mai gari ku tone wa ubanku asiri. To ku tahi. Ni dai ranar da kuka zamna, ran nan nika sare iccen ga. Masu gandun daji su zo su kama ni, in samu wurin hutawa."

A matsayina na malami dole in yaba. Ta buɗe da tuni, ta kawo mamaci, ta rufe da barazana, duk cikin numfashi ɗaya, kuma ba ta taɓa shiga lakwal ba. Da a aji ne da na ba ta maki mai kyau. Amma dabara ce, na san ta, ni nake koyar da ita. Tsohuwar da ba ta iya ɗaga tulu ina za ta sare gawo.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Gyaran dabuwar, aikin da na ba su a kan hotunan. Najiba ta rubuta wai tsohuwar hoton dabara ce kawai a wajen wanda ba uwarsa ba ce. Na ja jan layi, na rubuta "wannan ra'ayi ne, ba nazari ba", na ba ta takwas bisa ashirin.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Mai gari ya sa ranar Lahadi. Jawabi ya kammala. Na sa an goge mini babbar riga mai ruwan ƙasa. Ragona na cin dusa yana harara ta.

Asabar, 8 ga Fabrairu, Urafane

Moto, wato babur, ta kafe a rairayi sau ba adadi, na iso da hantsi. Ban tarar da Inna a gida ba, aka ce tana gona, ta ce in na zo in same ta in yi wa itacen kallon ƙarshe. Na tafi da rigata, da jawabina a aljihu.

Tun daga nesa na ga rassa na motsi ba iska. Gajere ne da doguwar ƙugiya yana kakkaɓa, 'ya'yan gawo na zuba, a ƙasa tumakinsa sun cika gindin itacen. Tumaki ne fa ƙosassu, a tsakiyar rani, gashinsu har sheƙi yake. Tunda an hana mu biyu taɓawa, shi ba a hana shi ba. Na tsaya ina kallon wani ƙaton rago mai tumbi yana tauna a hankali, wallahi taba kawai ya rasa. Ni na rubuta abin a tablo da hannuna, da manyan baƙaƙe.

Sai ga Cha'ibu ta ɗaya gefen, shi ma ashe kallon ƙarshe aka kira shi. Bai dube ni ba, ban dube shi ba. Ya ce, "Gajere, wanga fa?" Gajere ya ce yana tsare mana ne kada su lalace. Ban san wanda ya fara ba, na dai gan mu muna kora, shi ta gabas ni ta yamma, yadda muke tare awakin Baba muna yara. Ƙaton ragon ya zaɓe ni. Na faɗi cikin ƙaya da babbar riga, Cha'ibu ya yi dariya har ya durƙusa, sannan ya miƙo hannu ya ɗaga ni. Ya ce, "Yanzu ka san ƙaya." Na shiga neman hulata.

A nan na ga Inna. Tana zaune can kan layin gamba, gatarin Baba a cinyarta, ta riƙe shi da hannu biyu. Ba ta kuka. Ta rame, ta ƙanƙance, zanen jikinta ya yi mata yawa, kuma ban san yaushe hakan ta faru ba, don tun farkon rigimar nan ban taka garin ba. Na ji kunya, na kuma ji tsoro, irin wanda ban ji ba tun ranar da aka kira ni aka ce Baba ya rasu. Ta ce, "Kun gama? Ɗayanku shi kama ni in tashi, ɗaya shi ɗauki gatarin, ya yi mini nauyi."

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Ba mu je ba. Cha'ibu ya aika wa mai gari cewa ƙafata ta kumbura, kuma ta ɗan kumbura. An kawo mana tuwo a kwano ɗaya, wai sauran kwanonin ba a wanke ba. Wannan ma dabara ce. Na ci.

Talata, 11 ga Fabrairu

Na karɓi takardar Najiba na ce na yi kuskuren lissafi. Ta ce, "Mushe, daga takwas zuwa sha huɗu kuskuren lissahi ne?" Na ce ta zauna.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Motar kasuwa ta sauke mini buhun 'ya'yan gawo, ba saƙo. Ba sulhu muka yi ba, maganar rassa tana nan, kuma har gobe ni ke da gaskiya. Jawabin ma yana aljihun rigar, Zara'u ta wanke da shi.

Na kira Cha'ibu ne kawai in ji ko a maido buhun. Ya ce Inna ta ci abinci sosai yau, har ta yi faɗa da kaji. Daga nan muka shiga maganar zomon nan, wai shi ya cire mini ƙayar, ƙarya yake yi. Muna cikin gardama kiredin waya ya ƙare.

Gobe in na sa wani sai in ƙarasa wa Yaya bayani. Buhun ma ban tambaya ba.