Aguwar da Ka Dasa a Fakon Kura

Zuwa ga taubashina Lawali, ɗan gwaggona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da abokan aikinka a Tamanrasat, ina sanar da kai mutanen gida duk suna lafiya, gwaggo kuma tana gaishe ka. Ni dai gaisuwata ba ta kai zuci ba, kuma ka san dalili. Saƙon murya bakwai na aiko maka, duk ka saurara, waya ta nuna mini. Tunda ka ƙi amsa mini a ɓoye, ga shi na rubuto a fili, inda abokan hawan kekenmu da duk mai ido zai karanta.

Ka tuna wahalar da muka sha kafin mu sami wurin hawa? Ƙasarmu ta Agiye rairayi ce, kowa ya sani. Mun sayi kekuna masu giya da manyan tayoyi, irin na hawan dutse, a garin da babu dutse. Mutane na ta yi mana dariya a bakin shagona, kai kana cewa su bari su gani.

Mun nufi wajen Gazawa, yashi ya shanye tayoyin, muka dawo muna turin kekuna kamar masu jan jakin da ya ƙi tafiya. Wani ya ce maka akwai dutse a wajen Sae Sabuwa, muka ɗaure kekuna a saman mota muka je. Dutsen nan ko akuya ba za ta kira shi dutse ba, sai tsidau shimfiɗe ko'ina. Facin taya tara na yi a gindin aduwa, kai kana kwance kana cin gyaɗa kana ba ni shawara. A wajen Cadakori mun sami kwari mai kyau, amma gonaki sun kewaye shi, da damina ba ta inda za a bi.

Ardo Bello ne ya cece mu, shugaban rugar da ke arewa da gari. Ya kawo mini tayar amalankensa, ya ji muna ƙorafi, ya ce, "Ku tai fakon da ke bayan rugarmu, ƙasarshi ko garma ba ta shigarta." Muka je muka tarar da Fakon Kura: jar marmara mai tauri, hawa da gangara, ga kwazazzabai uku da ruwa ya zaftare. A gangarar farko ka saki birki, ka faɗi a ƙasan kwazazzabo, ka tashi gwiwa na jini kana dariya. Ban taɓa ganin ka cikin farin ciki irin na ranar ba.

Mun yi abin da ya kamata. Mun je gaban mai garin ƙauyen da ke kusa da goronmu, muka nemi izini. Ya bayyana mana cewa fakon ba na kowa ba ne, makiyaya ce ta kowa, burtalin shanu ma ta gefensa ya bi. Ya ce, "Taya ba ta cin ƙasa. Ku yi wasanku, ku bar wuri yadda kuka ishe shi." Kana zaune, ka ce ka ji.

Sai ka fara kallon bidiyon wuraren hawa na ƙasashen waje a wayarka, masu alluna da kibiyoyi a kowace kwana. Ka ce mu ma sai an sa wa hanyarmu alama don kada baƙi su ɓace. Su wa za su ɓace, Lawali? Mu shida ne, kuma duk mun san wurin kamar tsakar gidanmu. Ka jera duwatsu, shanu suka watsar. Ka ɗaura tsummoki, awaki suka cinye. Daga nan ka saro aguwa daga shingen gonarku, ka bi hanyar kana kafawa a jere, tun daga bakin burtali har ka zagayo.

Aguwa fa! Kai ɗan manomi, jikan manomi. Wane ne a ƙasar nan bai san abin da layin aguwa yake nufi ba? Ita ce takardar gona tun kafin a san buro, wato ofis, da hatimi. Duk wanda ya dasa ta a jere ya ce wa duniya nan nawa ne. Ka yi karatun boko a lakol har ka fi ni, amma wannan karatun da makaho ma yake yi da sandarsa ya gagare ka.

Ka dasa da bazara, ka hau mota ka tafi neman kuɗi. Ruwa ya sauka, aguwa ta kama, ta yi ganye shar. Makiyaya suka dawo suka ga an zagaye musu wurin kiwo da shinge, suka ce manoma ne za su cinye. Manoman ƙauyen suka ga layi, suka ce wasu 'yan Agiye sun riga su, sai mutum biyu suka yi sauri suka shuka gero a gefen fakon don kada a bar su a baya. Shanu suka shiga geron. Aka zaro sanduna. Allah ne ya kiyaye, da wasu dattawa da suka shiga tsakani, da yanzu wani zance ake yi.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Kai ka ja, ni ake duka. Ni aka kira gaban mai gari, na durƙusa ana nuna ni da baki. Ardo Bello, mutumin da yake aiko mana da ƙwaryar nono duk ranar da muka je hawa, na yi masa sallama ya kau da kai. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, kuma ba zan ɓoye maka ba, na tsane ka a ranar.

Na ce a bar ni in tuge ta yanzu-yanzu. Mai gari ya hana. Ya ce ba a tuge iyakar wani a bayan idonsa, in an yi haka gobe mai ita zai iya dawowa ya ce an ci masa gona. Ga hukuncin da ya yanke, ka karanta da kyau: "Wanda ya dasa shi faɗi da bakinshi gaban shaidu cewa ba ƙasa yake nema ba, ko ta waya ce. Sannan a tuge. Shi kam tayarshi ba ta ƙara taka fakon. Sauran su ci gaba bayan an yi girbi." In babu wanda ya amsa, an rufe wurin ga kowa ke nan. Ranar Alhamis bayan la'asar za a zauna.

Ka ga abin da ake nema a wurinka. Magana ce ta minti biyu. An hana ka hawa wurin da yake kwana da kwanaki daga inda kake, me ka rasa? Kunya kake ji, na sani. Tun muna yara haka kake, in ka fasa tulu sai ka ɓuya a rumbu har a gama dukan wani.

Amma a kan keken babana muka koya tare, kai ka riƙe mini sirdi kana gudu a bayana har ka yanke a ƙafa. Kekenka yana nan rataye a shago. Na rantse ba zan taɓa shi ba, jiya kuma na tsinci kaina ina sa wa sarƙarsa mai.

Akwai abin da ban faɗa wa mai gari ba. Ranar da ka dasa, ni na riƙe maka damin. Na san abin da aguwa take nufi, na yi shiru don na ga kana murna. Saboda haka ranar Alhamis zan cika wayata da caji, in ajiye ta a kan tabarma gaban dattawa. In ta yi ƙara, alhamdulillahi. In ba ta yi ba, zan ce ni na dasa, in tuge ta da hannuna, sauran huɗun su ci gaba da hawa. Ni kuma in koma yi musu faci a shago, suna ba ni labarin gangarar da na yi shekara uku ina nema.

Allah ya tsare ka a ƙasar mutane, ya ba ka halal ɗinka, ya dawo da kai gaban gwaggo lafiya. Allah ya sanyaya zuciyar Ardo, ya sanyaya tawa. Ya kuma ba ka ƙarfin ɗaga waya.

Naka, duk da halinka,
Isufu mai gyaran keke, Agiye