Nikareta a Takardar Kaka

Litinin, 28 ga Fabrairu, 1983

Yau digar Baba ta daki dutse a gonar zaitun, inda muke haƙa ramin tara ruwa. Fari ne, sassaƙaƙƙe, da rubutu a jiki. Na goge shi da hannun riga na karanta masa: "Nikareta 'yar Damon, sai wata rana." A ƙarƙashinsa ƙasusuwa ne da 'yan tuluna biyu. Shekara fiye da dubu biyu! Shi kuwa Baba ya cire hula, ya sosa ƙeya, ya ce, "Mun shiga uku." Iyakar abin da ya samu ya faɗa ke nan. Wai jikan mutanen da suka koya wa duniya tunani.

Talata, 1 ga Maris

Rigima tun a kan abincin safe. Na ce dole a sanar da masu kula da kayan tarihi. Baba ya ce in je in leƙa gonar Kawu Mitsos, wadda suka kewaye da waya shekara shida saboda guntun bango, yanzu sai ƙaya da macizai. Shawararsa a farfasa dutsen, a watsa ƙasusuwan a kwazazzabo, a zuba siminti.

"To, Farfesa," in ji shi, "in itatuwan suka bushe a watan Agusta, littafinka za mu matse mu sami mai?"

Na ce ko ba komai littafin akwai abu a cikinsa, ba kamar kawunan da ke zaman karta a shagon kofi ba. Ya wurgo mini takalmi. Bai same ni ba.

Farfesa. Shi ya cire ni daga makaranta ina ɗan shekara sha biyu. Duk abin da na sani, daga tsofaffin littattafan mai baro na birnin Kalamata na tsinto shi, ina karatu a bayan bas tsakanin tasha da tasha. Yanzu kuma shi ne abin zagi.

Laraba, 2 ga Maris

An rufe ramin da buhuna da rassa. Ba ma magana.

Alhamis, 3 ga Maris

Sai yau Kaka Stabrula ta sa baki. Tana tsinke ganyen miya, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Stamati, mace ce ko namiji?" Na ce mace. "Ta haihu?" Ina zan sani! Ina ba ta labarin mutanen da suka gina gidajen wasa na dutse, suka auna taurari, suka fara kaɗa ƙuri'a, ita damuwarta ko matar ta haihu. Ƙauyen nan zai kashe ni.

Juma'a, 4 ga Maris

Na faki idon Baba na koma ramin. A cikin muƙamuƙin matar akwai ɗan kwabo, ya yi kore shar. Na san shi daga littafi! Na rugo gida na yi wa Kaka bayani dalla-dalla, cewa mutanen da suna sa wa mamaci kwabo a baki don ya biya mai kwalekwalen da zai haye da shi kogin lahira.

Ta dube ni kamar na ce mata ruwa na jiƙa mutum.

"Sai da ka sayi littafi ka san wannan? Me kake zaton na sa wa kakanka a baki, alewa? Mayar mata da abinta, ɓarawon banza. Sunan mijina kawai ka ci, hankalinsa ka bar shi a faranti."

Na ce wannan al'adar arna ce, ita da ba ta fashin coci. Ta ce arna ko ba arna ba, ba a tura mutum tafiya hannu wofi.

Na mayar. Don kada ya ɓata ne kawai.

Lahadi, 6 ga Maris

Na rubuta wa masu kula da kayan tarihi wasiƙa, shafi biyu, da zanen dutsen. Sau uku ina sakewa don kada wani mai digiri ya yi mini dariyar rubutu. Baba ya ari babbar guduma a wajen Kawu Mitsos. Ya ce ranar Laraba zai fasa dutsen.

Talata, 8 ga Maris

Na je gidan tarihi na birni da wasiƙar a aljihu. Babban jami'in ya fita, sai mai gadi, wani dattijo mai kirki. Na tambaye shi a fakaice, in an tono mutum me ake yi da shi. Ya buɗe mini ɗakin ajiya. Akwatuna har rufi, tsaf-tsaf, kowanne da lamba. Ya ce ana kula da su sosai, kuma ban musa ba. Na ce sunayensu fa? Ya ce wanda ke da dutse, dutsen na zauren kallo, shi yana nan.

Da zan fita na tsaya gaban wani farin tulu a gilashi. Zanen mata biyu ne a bakin kabari, ɗaya da kwando a ka, ɗaya ta ɗora hannu a gashi, ta karkata wuya, baki a buɗe. Na san wannan tsayuwar. Haka Kaka ta tsaya a kan kabarin kakana, har karkata wuyan. Hoton tulun nan yana cikin littafina shekara uku, ban taɓa lura ba. Abin haushi.

Ban bar wasiƙar ba. Ai ba mai gadi ake bai wa irin wannan ba.

Laraba, 9 ga Maris

Baba ya saɓi guduma, na bi shi ina zage-zage har gona. Muka tarar Kaka ta riga mu. Tana zaune daram a kan dutsen, ga kwalbar giya, ga farin ƙyalle.

"Inna, tashi."

"Fara da ni, Lefteri. Ƙashina ya fi laushi."

"Inna, ruwa nake nema wa itatuwa! Ba mu san ta ba, ba ta san mu ba!"

"Man da ka sha tun kana tsumma, a kan wa itacen ya tsiro?"

Na buɗe baki in goya mata baya, in kawo zancen tarihi. Ta juyo kaina. "Kai ma rufe mini baki. Shi zai zubar da ita kamar shara, kai za ka kai ta birni a yi ta kallon haƙoranta. Duk ɗayanku ba mai kunya."

Ta sa ni riƙe ƙyallen, ta wanke ƙasusuwan da giya ɗaya bayan ɗaya, yadda ake yi wa namu in an tono su bayan shekaru, bisa al'adarmu. Sai ta ɗauki waƙar makoki, tana ƙirƙira tana yi, tana tambayar matar ko sanyi ya dame ta, ko ta ga kakana Stamati a can ƙasa, ta gaya masa jikansa ya fi shi baki. Tsohuwar da ba ta san harafi ɗaya ba. Na karanta irin wannan an tsara shi layi-layi, da sharhin malamai a ƙasa. Ban san ana jin sa a ciki ba.

Baba ya ajiye gudumar ya tafi wai zai duba akuya. Hayaƙin tabarsa ne ya shiga mini ido.

Alhamis, 10 ga Maris

An mayar da ita, dutsen a kanta, ƙasa a sama. Za a haƙa sabon rami taku ashirin gangare. Wa zai haƙa? "Farfesa," in ji Baba, "tunda 'yar uwarsa ce." Wajen duk tsakuwa. Tafin hannuna ya ɗuri ruwa.

Juma'a, 11 ga Maris

Gobe Asabar ɗin matattu. Kaka ta dafa alkama da rumman, ta kira ni in rubuta mata sunayen mamatanmu da Fada, limamin cocinmu, zai karanta, kamar kowace shekara. Da muka kai ƙarshe ta ce, "Sa ta." Na ce Kaka, matar nan ta mutu shekara ɗaruruwa kafin a gina coci ko ɗaya a duniya, Fada Yerasimos zai kore mu. Ta ce, "Kai rubutu aka sa ka ko wa'azi?"

Asabar, 12 ga Maris

Fada yana zuba sunaye kamar mai tsinkar zaitun, sai ya yi tuntuɓe. Ya gyara tabarau. Ya karanta. Nikareta, da ƙarfi, tsakanin kakana da Gwaggo Fotini. Rabon da a kira sunan nan a kwarin nan, Allah kaɗai ya sani.

A bakin ƙofa ya tare Kaka. "Stabrula, wace ce wannan? Ban tuna na binne ta ba."

"Maƙwabciya ce, Fada. Ta riga mu zuwa."

Baba ya kama tari.

Ban canza ra'ayi ba. Dutsen nan na duniya ne, kuma wata rana zan faɗa. Na kwafe rubutun a bangon wannan littafin, harafi da harafi. Ana rabon alkama aka rasa abin zubawa, na laluba aljihu, sai wasiƙar. Na naɗe ta aka zuba mini. Rabi na ci. Sauran na kai wa Nikareta gona, tunda dama hanyata ce.