Wa Ya Sa Wa Khaulah Ƙwaya?

Taman Melati, Kuala Lumpur
Farkon Maris, 2021

Zuwa ga uwargidana Hureira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Ya jikin Iya, ya ƙafar tata? Ki durƙusa ki gaishe min da ita, ki ce ina neman addu'a. Shekara guda ke nan da kika tafi jinyarta korona ta rufe hanya, gidan nan har yanzu bai saba da rashinki ba.

Kin fi kowa sanin ko ni wane ne. Daga sakandare ban ƙara ko aji ɗaya ba. Ni na koya wa kaina ƙwallon raga a filin reluwe na Zariya, da ragar da muka saƙa da igiyar buhu. Ni na kawo kaina ƙasar nan, ba gwamnati, ba kawu. Na yi dakon kifi a kasuwar Chow Kit, na wanke kwanuka a mamak, wato gidajen abincin Indiyawa, na koyi Malayanci a bakin masu kayan miya. Na shiga kulob ɗin nan ina tsintar ƙwallo, yau ni ne mataimakin koci. 'Yarmu Khaulah kuwa da hannuna na koya mata tsalle da duka, har ta kai babu mai dukan ƙwallo irin nata a babbar gasar mata. Na tuna miki ne don ki san ba za a yi min sakiyar da babu ruwa in yi shiru ba.

Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya kuka za ki sa, ni kuma in rasa ta inda zan fara. An dakatar da Khaulah. Bayan wasanmu na biyu an ɗauki fitsarinta, yanzu sakamako ya fito, wai an samu wani magani da aka haramta wa 'yan wasa, suna kiransa deksametason. Idan ba mu nuna ta inda ya shiga jikinta ba, shekara biyu ba za ta taka fili ba. Shekara biyu, Hureira, ga yarinyar da yanzu take kan ganiyarta.

Yarinyar da ko fanado ba ta sha sai ta tambaye ni! Kuma ki duba, saboda cutar nan duk 'yan wasa a otal ɗaya aka killace mu, ba shiga ba fita, ba 'yan kallo, abinci ma na otal ne kawai. Ke nan wanda ya yi wannan aiki yana cikinmu, muna gaisawa da shi kullum. Na bincika an ce maganin nan shi ake ba masu korona idan numfashi ya yi wuya. To wa yake riƙe da irinsa in ba likitan kulob ba? Tun ranar ba ya haɗa ido da ni. Sannan akwai Syafiqah, kyaftin ɗinmu, wadda tun da Khaulah ta fara haske 'yan jarida suka daina nemanta. Kusa da gorar ruwan Khaulah take ajiye tata. Ban ce ita ce ba, amma ina kallo.

Saƙonki na dakuwa ya iso ta hannun Haggai mai jigilar kaya ta jirgi tun kafin mu shiga otal. An hana abincin waje, amma ni ba yaro ba ne, a ƙasan jakar ƙwallaye na shigar da dakuwar. Ta ji daɗinta ƙwarai, ta ce ƙanshin ɗakin Iya take yi.

Ki kwantar da hankalinki, zan gano ko wane ne. Ki gaida kowa da kowa.

Naki,
Yahuza

Taman Melati, Kuala Lumpur
Ƙarshen Maris, 2021

Hureira,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kun wuni lafiya, Iya kuma tana samun sauƙi. Mu nan jiki lafiya, sai dai zuciya.

Abin ya wuce inda na bar miki shi. An dawo an gwada sauran yaran, an samu maganin nan a jikin mutum biyu. Ɗaya Kavitha ce, mai ɗaga wa Khaulah ƙwallo. Ɗayar kuma Syafiqah. To ga wadda nake zargi ta faɗa ramin tare da mu. Na yi tunanin ko ta sha ne don ta ɓatar da sawu, amma na ga yadda ta zube a ƙasa da aka faɗa mata, wannan ba wasan kwaikwayo ba ne.

Dokar ta ce idan aka kama sama da mutum biyu a kulob ɗaya, kulob ɗin ma sai ya sha hukunci. Da kin ga abin da muka koma. Yaran da suke ci a tebur ɗaya suna wasa da dariya, yanzu kowa ta yi tapau, wato ta ƙunshe abincinta, ta shige ɗaki ta kulle. Har banɗaki suke shiga da gorar ruwansu. A fili ƙwallo za ta faɗi tsakanin mutum biyu, kowa ta tsaya tana kallon 'yar'uwarta. An ci mu wasa uku a jere, har da kulob ɗin da bara ko zufa ba ma yi a kansu. Kamfanin da sunansa ke gaban rigarmu ya aiko a cire. Manajarmu Puan Rozita ta daina ce min koci, sai dai ta ce Encik Yahuza, wato Malam Yahuza, can ƙasa-ƙasa, kamar baƙo. Mu da yaran uku an fitar da mu daga otal, muna gida. Khaulah ba ta magana, in na matsa sai ta amsa min da Turanci a gajarce ta juya bango.

Na zauna na yi ta juya abin. Masu bincike sun ce wataƙila nama ne, amma Kavitha ba ta cin nama tun haihuwarta. Likita ya buɗe musu akwatinsa, ba a ga komai ba, duk da dai wanda ya san za a zo ai ba zai bari a gani ba. Me ya haɗa waɗannan ukun ban da fili? Shekaranjiya Syafiqah ta gaya wa masu binciken cewa akwai wata alawar Afirka mai yaji da Khaulah take ba su bayan atisaye. Ni na koya mata ba a ci a gaban mutum a hana shi, ban kuma yi nadamar wannan tarbiyya ba. Sun zo sun tafi da sauran dakuwar za su gwada.

Na je Chow Kit na titsiye Haggai. Ya rantse da Littafinsa cewa yadda aka ba shi ƙullin haka ya miƙo min, ya kuma ji haushina sosai. Shekara goma muna tare, amma wa ya san hannu nawa kaya suke bi kafin su sauka daga jirgi?

Yanzu ke nake tambaya, kuma don Allah kada ki ɗauka da zafi. Wa ya daka dakuwar nan? Ke da kanki, ko Daso ta bayan layi aka ba? Kina wurin aka ƙulla ta? Na lura tun a otal kumatun Khaulah sun ciko, ci kuma kamar gara, na ɗauka shinkafar otal ce. Jiya ina kwance sai na tuna ranar da muka yi waya ta bidiyo, Iya ta kalli yarinyar ta ce ta zama kamar sillen kara, wai ko ba ma ba ta abinci ne, wa zai kalli mace haka. Muka yi dariya aka wuce. Ban ce ita ce ba, Hureira. Iya ta haife ki, don haka uwata ce. Tambaya kawai na yi, ki bincika a hankali ki gaya min gaskiya, domin rayuwar 'yarki ce a kai.

Ki gaishe ta kamar kullum, kada ki nuna mata komai.

Mijinki,
Yahuza

Taman Melati, Kuala Lumpur
Cikin azumi, Afrilu 2021

Uwargida Hureira,

Assalamu alaikum. Ya ibada, ya ƙishirwa? Allah ya karɓa mana. Ina fata Iya tana iya azumin, in ba ta iyawa kada a bar ta ta matsa wa kanta.

Amsarki ta zo rana ɗaya da sakamakon dakuwar, kuma bakinsu ɗaya. Ashe Iya ce ta aiki Daso kemis ta sayo sha-ka-fashe, ƙwayar ƙibar da ke ɗauke da maganin nan, aka daka a ciki don jikarta ta yi ƙiba ta yi kyau. Kin ce ke ma ba ki sani ba sai da kika ritsa Daso. Na yarda, ko da yake na yi mamakin a ce ana daka a tsakar gidan da kike ba ki ji ƙarar turmi ba. Mu bar wannan. Ki daina kukan da kika ce kina yi. Ko da wasa kada ki gaya wa Iya abin da dakuwarta ta jawo. Ƙauna ce ta sa ta, da hawan jininta kuma ba za ta ɗauka ba.

An cire kulob ɗinmu daga gasar bana, an goge duk wasannin da muka ci. Yara biyu sun koma wani kulob. Mahaifin Kavitha ya zo ya kwashe kayanta, ya wuce ni a bakin ƙofa ko kallo ban ishe shi ba. Na aika wa likita da Haggai gaisuwar azumi, likitan ya amsa.

Saura zaman kwamitin hukunci bayan salla. Lauya ya ce tunda an ga maganin a dakuwa, yaran uku za su iya tsira da 'yan watanni, in dai akwai wanda zai tsaya ya ce shi ya jawo, su ba su sani ba. Puan Rozita ta kira ni ta ba ni hanya biyu. Ta farko, a haɗa Iya da kwamiti ta bidiyo, ta faɗi sunanta, su yi mata tambayoyi ta bakin tafinta, a rubuta ta a takardar masu ba 'yan wasa ƙwaya. Surukata! Matar da ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ni zan zaunar da ita gaban baƙi suna tuhumarta? Ta biyu, a rubuta cewa wani ɗan aike mai babur ne ya ajiye ƙulli a ƙofar otal, ba a san shi ba. Ta ce haka ni zan tsira da aikina, kulob ma ba za a ce ma'aikacinsa ne ba. Har da murmushi, wai boleh lah, wato ai zai yiwu, kowa ya huta. Na gane ta sarai. In babu mai suna, laifin ya koma kan baƙuwar yarinyar da ta karɓi ƙulli ta raba wa mutane, su wanke kulob ɗinsu da Khaulah.

Na ce mata babu wani mai babur. Dakuwa daga gidana ta fito, a gidana aka sa maganin ba da sanin yaran ba, kuma duk abin da ya fito daga gidana ni ne mai amsa shi. Ni na sa ta a jakar ƙwallaye, ni na wuce da ita gaban masu gadi. Lauya ya ce in na faɗi haka za su hana ni kusantar kowane fili na tsawon shekaru, wataƙila bizar aikina ma ta tafi. Na ce na ji. Da na gaya wa Khaulah, sai ta tashi ta haɗa min kunun buɗa-baki, ta zauna muka sha tare.

Sharaɗi ɗaya na kafa musu, kuma ba zan sa hannu ba sai na gani da idona. A takardar farko da suka nuna min an rubuta wai wani ma'aikacin kulob. Na mayar musu. Ni ba wani ba ne. Su rubuta Yahuza Abdulwahidu, mataimakin koci, wanda ya horar da Khaulah Yahuza tun tana shekara bakwai. Su rubuta shi cikakke, a karanta shi da ƙarfi a gaban kwamitin.

Ki gaida Iya da kyau, ki ce jikarta ta gode da tsaraba.

Naki har kullum,
Koci Yahuza Abdulwahidu