Goshin Jirgin Nawa Ne

Zwolle, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga Doyle Sepulvado,

Bayan gaisuwa, wadda tarbiyya ce ta sa na yi ta ba don ka cancanta ba, ina fatan kana lafiya, kai da Nelda da jikokinku. Yaya gwiwar taka? Ni lafiyata ƙalau, duk da abin da kuke yaɗawa a gari.

Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa alhali tsakanin gidana da naka tafiyar minti goma ce. Na rantse a shagon kayan kamun kifi, gaban mutum shida, ba zan ƙara yi maka magana ba. Ban rantse a kan rubutu ba.

Kwana huɗu kacal na yi a asibiti a Shreveport. Na dawo, na ɗage tamfol ɗin jirgin ruwana, me zan gani? An kwance mini ƙaramin injin goshin jirgin mai fedar ƙafa, an ɗaura wani mai mariƙi kamar muciya. Jerlene ta ce, "Doyle ne ya kawo, ni na ba shi makullin gareji. In faɗa za ka yi, fara da ni." Ita matata ce, shekara arba'in da ɗaya, na san yadda nake yi da ita, wato in ja bakina in yi shiru. Kai fa, da wane dalili?

Shekara talatin da ɗaya muna shiga gasar kamun kifin bas tare, ni a goshi, kai a baya. Ka fi kowa sanin aikin. Babban inji ya kai mu wuri, a kashe shi, in saki ƙaramin na lantarki a ruwa mu shiga sanɗa. In danna dunduniya jirgi ya yi hagu, in danna yatsu ya yi dama, hannuwana biyu suna kan sandar fatsa. Da haka ake jefa ƙugiya sau dubu a yini. Mai injin hannu kuwa sai ya sunkuya ya murɗa, ya miƙe ya jefa, iska ta kwashe shi, ya sake sunkuyawa, kamar tsohuwa mai motsa miya. Wannan na 'yan fansho ne masu zama ƙarƙashin laima suna jiran ƙananan kifin soyi.

Ka san labari ya riga ni zuwa shagon? Ina shiga Purvis, wannan da bai taɓa cin gasa ba tun da aka haife shi, ya ɗaga kofin kofinsa ya ce, "Hoyt, an ce an saya maka sandar dogarawa. Saura kujera mai lilo!" Kowa ya bushe da dariya. Ni, Doyle. Ni da na fito sakandare da ƙyar, na fara walda da injin aro a bayan akori-kura, yau magidanta tara ke cin abinci a shagona. Ko ƙusa ba a taɓa zaɓa mini ba.

Na cire abinka, yana jingine a bakin gareji. Zo ka ɗauka kafin ruwa ya dake shi. Ka kuma dawo mini da sufanata mai jan mariƙi, tun ranar ban gan ta ba.

Ka gaida Nelda, ita ba ta yi mini komai ba.

Ni ne,
Hoyt Ebarb

Zwolle, 21 ga Fabrairu

Doyle,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan murar Nelda ta sake ta. Jerlene ta ce in yi mata godiyar tamale, alalen masarar nan da ta aiko, na ci shida.

Amsarka ta iso. Na cika maka shafi biyu, kai kuma layi ɗaya ka ga dama: "Oktoba, Kwarin Ebarb, ruwan da sanyi." To, tun da ka tono, mu tono.

Ban musa ba, jirgi ya zabura dama ya daki kututture, kana tsaye a baya ka wuntsila ruwa. Wa ya kamo ka ta wuyan riga? Wa ya tuɓe jaket ɗinsa ya lulluɓa maka, ya koma gida da singileti? Na gaya maka a ranar, wayar feda ce ta cije. Waya tana cijewa, Doyle. Ba a yanke wa mutum hukunci saboda waya.

Na kuma san Jerlene ta kai maka maganar ƙugiya. Eh, ƙugiya ta huda takalmina ta shige tafin ƙafa, na yini da ita ban sani ba, sai da ta ga jini a safa. Aiki ne ya ɗauke mini hankali. Wurin ya kumbura, shi ya kai ni asibiti, an wanke, an gama. Likitan, wanda na girmi ubansa, ya ce in rufe ido, yana tsikarar ƙafata da wani ɗan silili wai in faɗi inda ya taɓa. Na ce masa ba wasan yara na zo yi ba. Ya ce suga ne ke cin jijiya. Kowa a cocinmu yana da suga, har mai wa'azin.

Ka tambayi kanka, wa zai bi da kai cikin kwarin nan in ba ni ba? Kafin a datse kogi ruwa ya cinye shi, gonar ubana ce. Ina ɗan shekara goma na bi dajin nan da ƙafa. Na san inda layin shinge yake, na san itacen da muke ɗaure alfadari, duk suna nan ƙasa, taƙi ɗaya ko biyu daga saman ruwa. Masu na'urar kallon ƙasan ruwa sai sun hau kututture take nuna musu shi.

Na mayar da injina, na sa sabuwar waya. Gasa ranar sha takwas ga Maris ce. In kana tsoron zama bayana, zauna gida ka yi wa Nelda shara, zan shiga ni kaɗai. Abinka har yanzu yana bakin gareji. Jerlene ce ta rufa masa leda, ba ni ba.

Sufanata fa?

Naka, duk da haka,
Hoyt

Zwolle, 6 ga Maris

Ɗan'uwana Doyle,

Ina gaishe ka da gaisuwa mai yawa. Yaya gida, yaya gwiwa? Allah ya ƙara sauƙi. Ka karanta wannan kai kaɗai, ka gama ka cusa a murhu.

Ranar Alhamis na fita gwaji. Iska na busowa daga kudu, ba mai yawa ba. Na shiga kwarin, na saki inji, na ɗora ƙafa, na fara jifa. Jifa na huɗu wani ƙaton kifi ya kama, ya fi kilo uku, na hango tumbinsa fari fat. Ya ja zuwa cikin itatuwa, na danna dunduniya don in fitar da jirgi sarari. Jirgi bai juya ba. Na ƙara dannawa da ƙarfina duka, ina zagin waya, ina zagin wanda ya sayar mini da ita. Sai na duba ƙasa.

Doyle, ƙafata ba ta kan feda. Tana gefe, kan dandamalin jirgi. Katako nake ta dannawa.

Kafin in gyara, iska ta ɗora ni kan kututture, farfela ta karye, kifi ya tsinke zare ya tafi. Awa biyu na yi a maƙale, jirgi na juyi da ni kamar fanka. Na san kututturen. Na bakin rijiyarmu ne. Na zauna na cire takalmi na mintsini babban yatsana har farce ya shiga. Kamar ƙafar wani nake mintsini. A Oktoba ma waya ba ta cije ba. Na taka maɓallin gudu ne ban sani ba, kuma tun a ranar zuciyata ta gaya mini. Da kanka ya daki itacen nan da ka faɗa, da yanzu Nelda na zuwa coci ita kaɗai.

Kuma cikin duk mutanen da ke tafkin nan, wa Allah ya kawo ya jawo ni? Purvis. Ya ɗaura igiya yana cewa, "Ranka ya daɗe, gonar gado aka zo dubawa?" Har yanzu in na tuna sai in ji kamar in fasa wani abu.

Na isa gida na ce wa Jerlene shi ke nan, zan sayar da jirgi. Tana yanka albasa, ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, "Kai dai kanka kamar ƙarfen shagonka. Dokar ƙungiyarku ba ta ba na baya rabin yini a goshi ba? Sau nawa Doyle ya nema?" Ko sau ɗaya ba ka taɓa nema ba, na sani. Ta ce, "Shi gwiwa ce kawai ke damunsa, ƙafarsa tana ji. Da ya so, cewa zai yi ka koma baya ya karɓi feda, kuma kowa zai ba shi gaskiya. Sai ya je ya nemo abin da zai bar ka a gaba. Kai kuma ka jingine shi a ruwan sama."

Ban ce na huce ba. Da ka zo ka faɗa mini a fuskata, ba ku haɗa baki da matata ina kwance da ƙarin ruwa a hannu ba. Na san abin da za ka ce, wai da na kore ka. To, da na kore ka ɗin, amma da ka zo.

Na ɗaura injin naka. Mariƙinsa gajere ne, wanda ya ƙera shi bai taɓa tsayuwa a jirgi ba. Na yi masa ƙari da bututu, yanzu yana kai mini ƙugu, ba sai na sunkuya ba. Jiya na zaga kwarin da shi tun daga shinge har rijiya, ban taɓa itace ko ɗaya ba. Hannu yana jin abin da yake yi. Sai dai jifana ya ragu, ba zai kai rabin na da ba, kuma in iska ta taso dole in ajiye sanda gaba ɗaya. Na gwada, babu dabara.

Saboda haka ga yadda za a yi ranar sha takwas. Ni zan riƙe jirgi, in kai ka bakin kowane kututture da ubana ya bari, kai ka yi jifa. Shekara talatin da ɗaya kana kamun ragowar ruwan da na riga na tace, yanzu za mu ga ko da gaske ka iya. In ka kuskure kifi irin na ranar Alhamis, da hannuna zan tura ka ruwa, ina sane.

Ka zo ranar Asabar da asuba mu gwada. Ka sa rigar ceto, ni ma Jerlene ta sa na yi alkawari. Mu biya ta shagon mu sha kofi, in gaishe ka da baki gaban mutum shidan nan, Purvis ya faɗi abin da zai faɗa.

Ka gaida Nelda da yara.

Abokinka na goshi,
Hoyt

Af, na manta. Sufanar tana cikin akwatina, ƙarƙashin igiya.