Sharaɗi na Goma Sha Bakwai

Zailani, sanyin idona, inuwar da nake fakewa, hadarina da ya haɗo a gabas ya tafi ya zubar da ruwansa a gonar wasu,

Ina gaishe ka daga Bronx, inda wuta ba ta ɗaukewa, sai dai hankalina ya ɗauke sau goma a yini. Yaya tsibirin naku? Teku tana nan tana cin ƙarafanka da gishiri kamar yadda kewarka take cina?

Ka tuna Asabar ɗin nan a layin 116, gidan abincin 'yan Sanigal? Saurayi mai hankali gyalena zai yaba. Kai kuwa ka jawo takardar goge hannu, ka zana mini tsibiri mai kama da ƙodar rago, ka ɗiga maiƙon kifi a inda tsohon janareta yake. Ka ce mutum dubu arba'in ne ke jiran jirgin ruwa guda ya kawo musu dizal, in iska ta tsare shi, asibiti ma sai fitila. Kana zancen sola da batir kamar mai yabon budurwa. Na yi kishin batir, Zailani! Ni, da digirina biyu!

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Tun kafin in san ka, ofishinmu ya sa ni tsara takardun kwangilar lantarki na ƙananan tsibirai. Sai na tuna fitilun sola na unguwarmu a gida: an kafa su da kiɗa da jawabi, wata uku suka mutu, 'yan kwangila suka ɓace, tsuntsaye suka gaje sandunan. Shi ne na rubuta sharaɗi na goma sha bakwai: duk kamfanin da ya ci aikin, injiniyansa zai zauna a tsibirin shekara biyu cur, har 'yan ƙasa su iya riƙe layin wutar da kansu. An yaba mini, har da tafi. Wa ya gaya mini igiyar da za ta ɗaure ka a tsakiyar teku nake tufkawa?

Ranar Litinin takardar kamfaninku ta sauka a teburina. Wai wata takwas sun isa, a sake ka. Sa hannuna kaɗai, ka sauka a filin jirgin JFK kafin azumi! Kwana uku ina zagaya teburin nan kamar kazar da ta rasa inda za ta yi ƙwai. Sau biyu jirgin ƙasa yana wuce tashata ina zaune ina kallo. Ya farin watana, ya ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, wace mace ce za a miƙa wa mabuɗi ta tsaya karanta sharaɗi?

Ni ce. Kai da bakinka ka gaya mini a waya cewa layin wutar asibiti ya faɗi sau biyu a watan jiya, waɗanda kake koya wa aikin ba su taɓa tayar da shi su kaɗai ba, lokacin guguwa kuma bai ma zo ba. Masoyiyarka ka gaya wa, amma ma'aikaciya ma tana kan layin. Kaico!

Na kai wa shugabata Madam Adwoa takardar, na ce ba zan sa hannu ba, domin injiniyan shi zan aura. Ta cire tabarau ta yi mini murna, sannan duk da haka ta nemi ra'ayina. Na ce kada a sake ka. Da bakin nan da ba ya gajiya da kiran sunanka na faɗa.

Ka ji daga gare ni kafin kamfani ya rubuto maka. Yi fushi, haƙƙinka ne. Ka ƙi ɗaga wayata mako guda, amma kada ka kai biyu, don Allah, ba zan iya ba. Saura wata goma sha shida, kuma ko ɗaya ba zan rage maka ba, ko ɗaya ba zan kalli wani ba.

Ka koya musu da kyau. Ranar da wuta ta ɗauke suka dawo da ita kana tsaye hannunka a aljihu, ka kira ni kafin kowa.

Taka yau, taka bayan guguwa, taka har numfashi ya ƙare,
Shafa'atu