Abin da Kwamfutar Tebur na Huɗu Ta Faɗa wa Kowa

Daga:
Ma'aikaciyar gwaji,
Mai amsa waya a tebur na huɗu a da,
Ɗakin ajiyar fayil a yanzu.

Litinin, 19 ga Mayu, 2025.

Zuwa ga:
Mai girma Manaja,
Ofishin karɓar kaya da aikawa,
Hawa na biyu.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: FITAR SIRRINA TA BURAUZAR KWAMFUTOCIN OFIS, DA ROƘON A GYARA

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da matsayinka, ina neman izinin kawo kukana.

Ranar Alhamis, 24 ga Afrilu, ina wanke kofi a bayan ƙofar ɗakin shayi, sai na ji Anti ta tebur na ɗaya tana ce wa Dogo mai lodi: "In za ka yi mata magana ka tsaya ta dama, na hagun nan ado ne kawai." Suka yi dariya kaɗan, ba mai yawa ba. Da kunnen daman na ji. Na tsaya riƙe da kofin har suka fita, kuma har yau maganar ba ta bar ni ba, domin ban taɓa faɗa wa kowa a ofishin nan cewa kunnena na hagu yana mutuwa ba. Ko mahaifiyata ban faɗa wa ba. Yayata kaɗai ta sani, ita ce ta raka ni asibiti.

Ga yadda abin ya faru, bi da bi.

1. An ɗauke ni aiki ranar 6 ga Janairu, gwajin wata shida. Ranar 8 ga wata Malam Injiniya, mai kula da kwamfutocinmu, ya zaunar da ni ya nuna mini burauza, wato inda muke buɗe shafukan intanet. Ya ce duk lokacin da ta tambaye ni ko ta ajiye kalmar sirri, in danna "eh", don ya gaji da masu kiransa sun manta tasu. Na bi umarni. Bai gaya mini cewa kwamfutoci shida na ofishin nan duk akawun ɗaya, wato wurin shiga ɗaya, ya sa musu ba. Dalilinsa, kamar yadda na ji daga baya, shi ne in ya ajiye shafin bin sawun kaya a guda ɗaya, sai ya fito a sauran biyar ba sai ya zagaya ba. Amma ba shafin kaya kaɗai ke zagayawa ba. Duk abin da mutum ya nema, da duk kalmar sirrin da ya ajiye, suna zagayawa.

2. Dokar ofis ita ce mu bar wayoyinmu a akwatin mai gadi daga takwas zuwa biyar. Ba na jayayya da dokar. Sai dai asibiti ta imel suke turo sakamako, kuma ranar Talata, 8 ga Afrilu, aka ce nawa zai fito. Na kasa haƙuri. A lokacin hutun rana na buɗe imel ɗina a tebur na huɗu, na karanta, sannan na nemi ma'anar kalmomin da likita ya rubuta, da ko ana warkewa, da ko yana tsallakawa zuwa ɗaya kunnen. Na amsa wannan laifin nawa ne, in laifi ne. Minti ashirin ne cikin hutuna. Da na gama na rufe shafin, na ɗauka rufewa ita ce gogewa.

3. Daga wannan makon tallan na'urar ji ya fara fitowa a gefen shafuka, ba a tebur na huɗu kaɗai ba. Da idona na gan shi a kwamfutar Anti, kunne ƙato a gefen jerin kayan da za a aika. Na sunkuyar da kai na wuce. Sai da na ji maganar ɗakin shayi na koma na duba da kyau. A tebur na biyu, da babu kowa, na rubuta harafi biyu kacal a wurin bincike, sai ga tambayata ta sauko gaba ɗayanta, yadda na rubuta ta, har da kuskuren da na yi a rubutun. Na buɗe shafin imel, sai ga adireshina da ɗigo-ɗigon kalmar sirrina sun cika kansu, suna jiran a danna.

4. Da yammar ranar da na ji maganar na karɓi wayata wurin mai gadi na duba. Imel ɗina ya nuna an shiga daga ofishin nan ranar Alhamis, 17 ga Afrilu, ƙarfe goma sha ɗaya da kwata. A wannan lokacin ina asibiti, da takardar izinin da kai ka sa wa hannu. Ban san wanda ya shiga ba, kuma ba na zargin kowa da suna. Na canza kalmar sirrin a ranar, a tsaye a bakin ƙofa. Amma abin da aka karanta an riga an karanta.

5. Ranar Litinin, 28 ga Afrilu, na sami Malam Injiniya cikin ladabi na roƙe shi ya goge tarihin binciken da kalmomin da aka ajiye. Ya ce in ya goge, na kowa zai tafi, gobe kuma layi za a yi a ƙofarsa. Na tambaye shi tagar sirri, wadda na karanta cewa ba ta barin tarihi a kwamfuta. Ya ce ya kulle ta tun bara saboda masu kallon ƙwallo. Ya ƙara da cewa, "Ke da ko magana ba kya yi, wane sirri gare ki?" Na koma na duba, tambayata tana nan har ranar Juma'ar da ta wuce.

6. Ranar Litinin, 5 ga Mayu, aka ɗauke ni daga amsa waya aka kai ni ɗakin fayil, ba takarda, ba bayani. A wata huɗun da na yi a tebur na huɗu ba a taɓa kawo ƙarata ba. Da kunnen dama nake riƙe waya, da shi nake riƙewa tun ranar farko. Yanzu in mutum ya shigo neman fayil sai ya ɗaga murya kamar yana kiran wani a tsallaken titi, ni kuma in ce "to" a hankali. Ba zan iya cewa su daina ba, don in na faɗa na tabbatar musu. Ba zan iya barin aikin ba. Da safe mahaifiyata takan ce, "'Yar ofis, a dawo lafiya," sai in gyara mayafi in fito.

Fom ɗin ƙorafi na ofis a kwamfuta yake, cikin wannan burauzar. Shi ya sa na rubuta wannan da hannu, a yi mini afuwa.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙo:

(a) A goge tarihin bincike da duk kalmomin sirrin da aka ajiye a akawun ɗin nan, a gabana, a kuma gaya wa kowa ya canza tasa. Ba tawa kaɗai ke ciki ba. Na ga adireshin Anti, na ga na Baba Direba. Ban taɓa ko ɗaya ba.

(b) A ba kowane ma'aikaci nasa wurin shiga, a raba kwamfutocin nan da juna.

(c) A daina ce wa sabon ma'aikaci ya danna "eh". A buɗe tagar sirri, ko kuma a manna takarda a bango a rubuta ƙarara cewa duk abin da aka nema a nan kowa zai gani, don wata kada ta yi irin nawa.

(d) A binciki shigar da aka yi ranar 17 ga Afrilu. Ba hukunci nake nema wa kowa ba.

Ina godiya da lokacin da ka ba takardar nan, Allah ya ƙara girma. Saura abu ɗaya, wanda sau uku ina zuwa ƙofarka a kansa ina juyawa. Na ce kwamfutoci shida ne. Biyar suna ƙasa tare da mu. Ta shidan tana kan teburinka, kuma gwajina zai ƙare ranar 6 ga Yuli.

Ranka ya daɗe, kai ma ka gani ne, shi ya sa aka ɗauke ni daga waya?

Taka mai biyayya,
(sa hannu)
Ma'aikaciyar ɗakin fayil,
wadda ake kira Shiru-shiru.