Yatsan Sale Yana Kan Takardunku Biyu, Gawarsa Tana Hayin Rafi

Zuwa ga Mai girma Shugaban kwamitin da ke sauraron masu neman sababbin jihohi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da abokan aikinka.

Ranka ya daɗe, sunana Isiyaku, manomi ne daga Ruwan Maje, wani ɗan ƙauye a bayan Dogon Dawa, ƙasar Birnin Gwari. Yanzu ina zaune a ɗakin aro a Magajin Gari, ni da mahaifiyata da iyalin ƙanena Sale. Na ji a rediyo cewa takardun masu neman jiha sun iso teburinka. A cikinsu akwai yatsan mamaci har sau biyu, kuma ni ne yayansa. Shi ya sa na rubuto maka a fili, raina a ɓace.

Na ɗaya, yadda aka karɓi yatsunmu. Wasu manya sun zo daga Zariya da goro da taswira, suka ce mu da su uwa ɗaya uba ɗaya ne tun zamanin lardi, in aka ba su jiha mai hedikwata a Zariya, kukanmu ya ƙare. Ba a rufa mako biyu ba sai ga na Kaduna, su ma da goro da tasu taswirar, suka ce kada mu yarda Zazzagawa su mayar da mu 'yan amshin shata. Duka biyun mun dangwala musu. Malam Yohanna, malamin firamarenmu ɗan kudancin Kaduna, wanda ya tsufa a cikinmu, ya ja hankalinmu cewa takardun nan biyu kishiyoyin juna ne. Sale ya yi dariya ya ce, "Malam, baƙo ya ba ka goro a ƙofar gidanka, ai ba ka mayar da shi hannu wofi. Duk wanda ya ci a cikinsu zai tuna da mu." Haka muka taso, kuma wautarmu ke nan. Kwana da kwanaki tawadar tana yatsansa yana nuna wa mutane, wai yau dai an san da zamanmu.

Na biyu. Gonarmu ta gado tana hayin rafin da ke arewa da ƙauyen. Kakanmu ya sare ta, kuma ba mu taɓa sanin wani dagaci ba sai namu na ƙasar Birnin Gwari. Wata safiya da damina muna noman maimai, 'yan bindiga suka ɓullo a kan babura. A gindin ɗorawar da muke ajiye ruwan sha suka harbi Sale, a kan idona ya faɗi. Ni kuwa na gudu. Ba zan yi maka ƙarya ba, na gudu, kuma har yau kunyar nan ba ta sake ni ba.

Na uku, kuma nan ne ciwon yake. Washegari jami'an tsaro suka yarda su raka mu mu ɗauko shi. Da muka isa bakin rafi, babbansu ya duba wayarsa ya tsayar da mota. Ya ce iyakarsu ke nan, hayin can wata jiha ce, ba shi da izinin ƙetarawa. Rafin nan, ranka ya daɗe, ko gwiwa bai kai ba. Daga inda muke tsaye muna hangen ungulaye a kan ɗorawar. Malam Yohanna ya roƙe shi har muryarsa ta dishe, jami'in ya ce shi dai umarni yake bi. Muka yi zagaye mai nisa zuwa ga jami'an wancan ɓangaren, su kuma suka ce manoman wurin ai mutanen Birnin Gwari ne, mu koma ga namu. Ba ga tsuntsu, ba ga tarko. Waɗanda suka kashe shi kuwa ban taɓa jin sun tsaya bakin rafi suna duba waya ba. Kafin mu dawo 'yan bindigar sun kafa sansani a wurin, ƙauyen kuma ya watse.

Na huɗu. Na bi sawun masu goro. A Zariya aka yi mini ta'aziyya mai daɗi, aka ce ka gani ko, irin wannan ne ya sa muke neman jiharmu, amma kafin a ba mu, ba mu da iko. A Kaduna aka ce ka gani ko, irin wannan ne ya sa bai kamata a raba mu ba, za a duba. Duka wuraren biyu an nemi a ɗauki hotona, na ƙi. A bangon kowane ofis na ga taswirar nan da aka kawo mana, kuma a kowacce hayin rafin yana cikin launinsu, har da gonarmu. In ana ƙirga faɗin ƙasa da yawan kawuna, kowa na son mu. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Liman ya yi wa Sale sallar da ake yi wa wanda ba a samu gawarsa ba. Amma Inna ba ta haƙura ba. Likkafanin da ta tanada wa kanta ta ciro, ta ce nasa ne. Yana nan a naɗe a kan akwatinta damina biyu ke nan. Duk ranar da na dawo daga wani ofis, likkafanin take kallo, sannan ta kalle ni. Ƙarfinta yana ƙarewa, ina tsoron ta riga shi shiga ƙasa.

Don haka ga roƙona. Ban damu da inda za ku kai hedikwata ba, ku kai ta Zariya, ku bar ta Kaduna, duk ɗaya ne a wurina. Amma kafin ka sa hannu a kan kowace taswira, ka sa a faɗa mana a rubuce jami'an da hayin rafin nan yake wuyansu. Sannan a ba mu rakiya ta yini ɗaya tak, mu tattaro abin da ya rage a gindin ɗorawa mu binne shi kamar ɗan Musulmi. In kuwa hakan ya gagara, to ka buɗe takardun nan biyu, ka nemi sunan Sale na Ruwan Maje, ka goge yatsansa daga kowacce. Garin da bai iya ɗauko gawarsa ba, bai cancanci ya ƙirga shi ba.

Allah Ya yi maka jagora, Ya sa ka gama lafiya, Ya sa ranar da taka ta zo a samu masu ɗaukarka.

Wassalam.

Isiyaku, yayan Sale,
Magajin Gari, Birnin Gwari.